Ciwon da Baki Ya Kasa Faɗa

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a filinmu na lafiya da zaman iyali. Gaisuwar yau ta mutanen Lakwaya ce, da na Getso da Kutama da cikin garin Gwarzo, da maƙwabtanmu na Kabo da Garo. Wanda ke gona da rediyo rataye a reshen ɗorawa, sannu da aiki. Iyayenmu mata da ke tsakar gida, a ɗan ajiye taɓarya, don maganar yau ta fi shafarku.

Zan fara da abin da kowane ma'aikacin ɗakin shan magani ya saba gani. Mace za ta zo, ta ɗosana a bakin benci, ta ce, "Likita, wani abu ne ke yi mini yawo a jiki. Sai ya taso daga ƙafa ya tokare ni a ƙirji. Tsakar kaina kamar an ɗora garwashi. In dare ya yi, idona biyu har asuba." A auna jini, lafiya lau. A duba zazzaɓin cizon sauro, babu. Taifod ma babu. A haɗa ta da farasitamol da maganin ƙarin jini, ta tafi. Sati biyu, ga ta ta dawo. A gida kuwa an yi hayaƙi, an sha rubutu, an jiƙa sassaƙe. Wasu su ce iska ce, wasu su ce sammu, uwar miji ta ce ƙiwa ce kawai. Abu ɗaya ya rage ba a yi ba. Ba wanda ya zauna ya ce mata, "Baiwar Allah, wai yaushe abin nan ya fara?" Da an tambaya, an kuma yi shiru an jira amsa, wataƙila a ji cewa ya fara ne a watan da aka kai lefen amarya, ko bayan jaririn nan nata da ya koma, wanda aka hana ta yi wa kuka.

To, akwai wani fannin ilmi da aka gina kacokan a kan wannan tambaya. Turawa na kiransa saikoanalisis. Mu a filin nan bari mu kira shi tonon zuciya. Wanda ya kafa shi likita ne Bayahude, sunansa Sigmund Firoid. An haife shi a 1856, ya yi kusan duk rayuwarsa a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya rasu a Landan a 1939, shekara guda bayan ya gudu daga mulkin Hitila.

Amma ba daga kansa labarin ya faro ba. Daga wata budurwa ce 'yar shekara 21, Bertha Pappenheim, wadda ta kwanta ciwo a 1880 tana cikin jinyar mahaifinta. Hannu da ƙafa suka riƙe, ga tari, ga gani ya rikice, har ta kai harshen da ta tashi da shi, wato Jamusanci, ya ɓace mata, sai Turancin Ingila take yi. Ku faɗa mini, da a Lakwaya yarinya ta wayi gari tana magana da wani yare, me za mu ce? Ni da ku mun san amsa. Likitanta, Josef Breuer, abokin Firoid ne kuma ya girme shi. Shi dai zama ya riƙa yi kusa da ita yana saurare.

Ana nan, cikin tsananin zafi, sai ta daina shan ruwa. Ƙishirwa na cinta, amma da ta kai kofi baki sai ta ture. Wajen sati shida tana rayuwa a kan kayan marmari irin su kankana. Wata rana likitan ya sa ta irin barcin nan da mutum ke magana bai farka ba, sai ta shiga ba da labari cikin fushi. Ashe ta taɓa shiga ɗakin wata mata da aka ɗauka don ta riƙa ɗebe mata kewa, wadda dama jininsu bai haɗu ba, ta tarar da karen matar yana lasar ruwa a kofin da mutane ke sha. Ƙyama ta kama ta, amma ta yi kara, ba ta ce uffan ba. Da ta gama amayar da fushin nan, sai ta ce a ba ta ruwa, ta kwankwaɗa, ta farka da kofi a bakinta. Ita da kanta ta raɗa wa abin suna, ta ce magani ne na magana.

Kun ji kalmar da na yi amfani da ita? Kara. Abin da muke yabon 'ya'yanmu mata da shi ke nan. "Wance akwai kara, akwai kawaici, ko an taka ta ba ta ɗaga kai." Mu ne muka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Gaskiya ne, kuma ba gidan da zai zauna lafiya in kowa na faɗin duk abin da ya zo bakinsa. Sai dai abin da Breuer da Firoid suka rubuta a littafinsu na 1895 shi ne, maganar da aka haɗiye ba narkewa take kamar tuwo ba. Tana nan kwance a wani lungu na zuciya da mai ita ma ba ya leƙawa, kuma in baki ya ƙi fitar da ita, jiki zai nemo mata ƙofa.

Kada in yi muku rufa-rufa, yarinyar nan ba ta warke garau a hannun Breuer ba kamar yadda littafin ya nuna. An kwantar da ita a gidan jinya a 1882, ta ɗauki shekaru kafin ta miƙe. Amma ta miƙe ɗin, ta zama jagorar masu taimakon mata da marayu a Jamus, har aka buga hotonta a kan sarki na gidan waya a 1954.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, ƙofar da ɓoyayyen fushi ke bi ba jiki kaɗai ba ce. Ga misali. Magidanci ya je kasuwar Getso da buhun masara biyu, farashi ya faɗi. Ga wanda ya ba shi bashin taki ya tare shi a gaban jama'a, ya wanke shi tas. Shi kuwa sai sunkuyar da kai yake yana cewa, "Ba komai, Alhaji, a ƙara haƙuri, Alhaji." Ya hau babur ya dawo. Tun daga zaure ya yi ƙwallo da buta. Aka kawo tuwo, ya ce miya ba gishiri, alhali irin ta jiya ce da ya yi santi a kanta. Uwargida ta haɗiye, ta fito, ta ɗaɗa wa 'yarta Ladidi duka don ta bar murfin randa a buɗe. Ladidi ta zagaya bayan rumbu ta tsula wa akuya kara. Akuya dai ba ta ci bashin kowa ba. Anna, 'yar autan Firoid, ta rubuta littafi guda a 1936 a kan irin waɗannan dabaru da zuciya ke kare kanta da su. Bahaushe ya taƙaice wannan babi cikin kalma biyar: haushin kaza, huce kan dami. Wani babin kuma shi ne mutum ya ɗauki aibin da ba ya son gani a kansa ya jingina wa wani, kura ta ce da kare maye. Mai yawan zargin matarsa, a bincika wayarsa tukuna.

A 1923 Firoid ya kasa zuciya gida uku. Akwai mai kwaɗayi, wadda ba ta san "bari sai anjima" ba. Akwai mai tsawa, wadda ke magana da muryar iyaye da malamai ko bayan ƙasa ta rufe musu ido. Sai ta tsakiya, mai sasanta su da halin da duniya ke ciki. Na san ɗaliban Islamiyya sun fara gyaɗa kai, suna tuna nafsul ammara da lawwama da muɗma'inna. Akwai kama, amma kama da wane ba ta wane. Firoid bai yi imani da Allah ba, ya ma rubuta littafi a 1927 yana cewa addini ruɗu ne da ɗan Adam ya ƙago don ya rage tsoro. Ya kuma cika mayar da kusan komai ga sha'awa. Ko a kan mafarki, wanda ya yi wa babban littafi a 1900, mu an karantar da mu cewa iri uku ne: na bushara, na Shaiɗan, da zancen zuci. Shi duk ya tattara ya zuba a kwandon zancen zuci. Shi ya sa Farfesa Malik Badri na Sudan ya gargaɗi masana Musulmi a 1979 da kada su haɗiye koyarwar nan ɗanya. Ni ma ban zo in sayar muku da ita a dunƙule ba. Shiƙa za mu yi, mu ɗebi tsaba, iska ta tafi da ƙaiƙayi. Kuma ba baƙon abu ba ne a gidanmu: Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi a kan gyaran jiki da rai, ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke faɗo wa mutum haka kawai, ya ce na farkon da magana da nasiha ake jinyarsa.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, wato renon yara. Babbar tsabar da ke cikin koyarwar Firoid ita ce, abin da ya sami mutum yana goye da lokacin da yake tatata ba ya gogewa, ko da ba ya iya tuna shi. Wani almajirin wannan fanni a Ingila, John Bowlby, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a 1951, ya ce jariri na buƙatar shaƙuwa mai ɗorewa da uwarsa ko wadda ta tsaya a matsayinta, kamar yadda yake buƙatar abinci.

To ku auna wannan da al'adarmu ta ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, sai "kai" ko "wannan yaron". Ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Ya faɗi ya fasa baki, tana gani, zuciyarta na tsalle, amma ta kau da kai sai wata ta ɗauke shi. Lokacin yaye ya yi, a saɓe shi a kai gidan kaka, wasu har rubutu ake karɓo masa don ya manta da nono. Wani daga nan ba zai dawo ba, ya zama ɗan riƙo. Ba yau aka fara ba. Baba ta Karo, wadda aka haifa a 1877 ta kuma tashi a yankin Zarewa, nan kudu da mu ta wajen Rogo, ta zayyana wa wata Baturiya, Mary Smith, duk wannan a garin Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga littafin a 1954. Ita kanta Baba ba ta haihu ba, amma ta reni 'ya'yan dangi.

In da lissafin Turawan farko ya ci, da duk 'ya'yan fari na ƙasar Hausa sun tashi da tabo a zuciya. Sai wasu masana daga Amurka, cikinsu har da Robert LeVine da Sarah LeVine, suka zo suka zauna a gidajen Hausawa suna lura da jarirai, aka buga sakamakon a 1977. Suka tarar jaririn Bahaushe yakan shaƙu da mutum uku ko huɗu, ya fi kuma manne wa wadda ta fi ɗaukarsa, ko ita ta haife shi ko ba ita ba. Kun ga sirrin ke nan. Uwa ta kau da kai, amma ga kaka tana yi masa kirari tana kiransa mijinta, ga goggo, ga abokiyar zama, ga yaya 'yar shekara tara da ke yawo da shi a baya. Kunyar uwa ba ta cutar da shi ba domin hannuwa sun yi yawa.

Abin da ke damuna shi ne, hannuwan nan suna raguwa, kunyar kuwa tana nan daram. Yaro ya yi aure a Lakwaya, ya ɗauki matarsa sai Kano, ciki da falo a Rijiyar Zaki ko Ɗorayi. Ya fita tun da sassafe, sai dare. Babu kaka, babu goggo, maƙwabta kowa ya ja ƙofarsa. Yarinya 'yar shekara 18 da ɗan fari a hannu, ita kaɗai, ga kunyar da ta gada tana ce mata kada ta dube shi da yawa. Wa zai yi wa wannan yaro wasa? Wa zai kira sunansa? Ƙannena mata da ke cikin irin wannan hali, ku ji ni da kyau: a ɗakin da babu kaka, ke ce kakar. Ki dube shi, ki yi masa gwaranci, ki rungume shi. In surukai sun zo, ki ɗauko kunyarki ki yafa, ba wanda ya hana.

Haka kuma iyaye maza masu ɗaukar yaro ɗan shekara biyar ko shida a kai shi gabas karatu. Ban ja da neman ilmi ba. Amma yaron da aka cire daga hannu huɗu aka kai inda babu ko ɗaya, fitsarin kwance da firgitar dare da yake yi ba iskanci ba ne, kuka ne da ya rasa wanda zai yi wa. Ga makarantun allo nan a garinmu, a bari ƙashinsa ya yi ƙwari mana.

Wata koyarwar ta Firoid da ta fi tayar da ƙura ita ce cewa kowane yaro namiji yana kishi da ubansa a kan uwarsa. Wasu masana biyu, mata da miji, Marie-Cécile da Edmond Ortigues, sun gwada wannan a asibitin Fann da ke Dakar, suka fitar da littafi a 1966. Abin da suka gani shi ne, a inda uba ke da kwarjinin da ba a ja da shi, kishin yakan karkata ne zuwa kan 'yan'uwa da sa'o'i. Ai mu ba sai an je Senegal ba. Muna da suna na musamman da muka ba abin: 'yan ubanci. Dattawa biyu masu furfura su yi shekara goma suna shari'a a kan kuyya uku ta gona, kuɗin da suka kashe ya ninka kuɗin gonar. Ka tona da kyau, sai ka tarar ba gona ake jayayya a kai ba. Rigar sallar da aka ɗinka wa ɗaya aka hana ɗaya ce, shekara hamsin da suka wuce. Mai mata biyu, in za ka sayo takalmi, sayo na kowa, ko ka bari sai ka samu.

(Gajeren kiɗa)

To, ina maganin? Yadda Firoid ya tsara, mara lafiya zai kishingiɗa a doguwar kujera, likita na zaune ta bayan kansa, ya faɗi duk abin da ya faɗo masa a rai ba tare da tacewa ba, kusan awa guda, sau da yawa a mako, wani har shekaru. Wane manomi ne zai bar gona da damina ya je ya kishingiɗa? Balle likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Ko a Turai ma an gajarta abin, yawanci zama ɗaya ne a mako, ana fuskantar juna.

Amma 'yan Afirka sun nuna ana iya ɗaukar saurare a dasa shi a ƙasarmu. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abekuta, inda masu taɓin hankali ke sauka a gidajen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, su je asibiti da rana, ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata, aka ajiye musu benci a harabar ƙananan asibitoci, mai damuwa ya zo ya zauna da kaka su tattauna. Ciwon da suke jinya, da yarensu sunansa yawan tunani, kamar dai yadda muke faɗa. Aka gwada tsarin, aka buga sakamakon a 2016, waɗanda suka zauna da kakannin nan sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. Benci fa, da tsohuwa mai kunne. Wanne ne babu a Lakwaya?

Abin da ya rage mana shi ne koyon yin shiru. Mun iya jaje, amma muna da gaggawa. Mutum bai rufe baki ba mun ce, "Sai haƙuri, wane ma ya ga abin da ya fi haka." Haƙuri gaskiya ne, addu'a kuma takobi ce, amma in ka yi saurin miƙa su, ka toshe bakin rijiya ne tun ba a ɗebo ruwan ba. Ki bar ta ta kai aya. In ta yi kuka, kada ki ce ya isa. In ta yi shiru, ki jira, shiru ma magana ce. Kuma abin da kika ji ya mutu a cikinki, kada gobe a tsince shi a gidan biki, don tsoron tsegumi ne ya fara kulle bakin mata da yawa.

Sai dai ku riƙe wannan da kyau. Ba kowane ciwo magana ke warkarwa ba, kuma ba kowane ciwon da aka rasa gane kansa ne na zuciya ba. A fara da awon asibiti tukuna. Wanda ke faɗuwa yana kumfa, farfaɗiya ce, tana da ƙwayoyinta. Wanda ke jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko mai jegon da ta rikice ta ƙi jaririnta, ko wanda ya fara cewa gara ya mutu ya huta, wannan ba na zaman benci ba ne, kuma ba a kwana da shi. A kai shi Babban Asibitin Gwarzo, in ya fi ƙarfinsu za su tura asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kada a sa masa mari, kada a dake shi. Tun watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, kuma ta ba mara lafiya haƙƙin a mutunta shi.

Maigida, yau bayan Isha, in akwai wadda ta daɗe tana cewa wani abu na yi mata yawo a jiki, ajiye wayar nan, ka kashe rediyon ma in mun gama, ka tambaye ta yaushe abin ya fara. Kada ka kare kanka, kada ka yi mata wa'azi, ka dai ji.

Lokaci ya cim mana. Sai mako mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)